Faransancin da Na Koya a Wurin Mai Gadi

A gidanmu, a Zuru, idan aka haifi namiji ba a tsayawa tambayar abin da zai zama. Soja ne, sai dai a jira ya yi tsawo. Baba ya yi soja har ya sauka da igiya uku, yayyena biyu suna bariki, mijin yayata ma soja ne. Ni kuwa sau biyu ina shiga layin ɗaukar kurata, sau biyu ana zagaya ƙirjina da igiyar awo a ce in koma gida in ƙara cin tuwo. A karo na biyu Baba ya dube ni sama da ƙasa, ya tashi ya shige ɗaki. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Da takardar gama firamaren mishan a hannuna, wani kawuna ya samo mini aiki a wani ɗan shingen duba shanu da ke bayan gari, a kan burtalin da ya gangaro daga arewa. Aikin wucin gadi ne, irin wanda ana iya ce maka gobe kada ka zo, kuma ba ka da bakin magana. Ni ne kama ƙaho, ni ne tafasa sirinji, ni ne kuma cika rajista da Turanci, don rubutuna ya fi na kowa fita. Abu ɗaya dukanmu ƙananan ma'aikata muka sa wa ido. Duk shekara ana tura mutum guda kwas a Kaduna, in ya dawo ya zama cikakken malamin dabbobi, mai aiki na dindindin. Shugaban shingen ne ke rubuta sunan wanda za a tura. Ina son kwas ɗin nan kamar in yi hauka, don shi kaɗai ne nake gani zai sa in iya ɗaga kai a tsakar gidanmu.

Shugaban namu dattijo ne, Bakabe, dogo, mai son a gaishe shi a durƙushe. Ba zan ci zalinsa ba, ya san saniya. Daga tafiyarta kawai zai gaya maka abin da ke damunta. Amma yana da ƙa'ida ɗaya da ba ya saɓawa, wato kunne. Tun zamanin da aka yi gangamin allurar bushiya, cutar nan da ke share garke kakaf, duk saniyar da aka yi wa allura sai a tsaga mata kunne da wani ɗan awartaki. To shi abin da ya riƙe ke nan. Garke ya iso, a duba kunnuwa. Mai tsaga ya wuce, marar tsaga a kulle shi a shinge sai an yi masa allura. A kan haka aka horar da shi, a kan haka ya horar da mu, kuma shekara da shekaru hakan bai taɓa ba shi kunya ba.

Sai ga shekarun babban fari, a farkon saba'inoni. Arewa ta ƙone, makiyaya suka yi ta kwararowa daga Nijar da abin da ya rage musu na shanu, ramammu, ana iya ƙirga haƙarƙarinsu daga nesa. Kowane makiyayi kuma da 'yar takardarsa a naɗe cikin fata, mai hatimi, wadda malaman dabbobin ƙasarsu suka ba shi, rubuce da Faransanci. Mutum zai kwance ta a hankali ya miƙa da hannu biyu. Shugaba zai karɓa, ya gyara tabarau, ya daɗe yana kallonta yana gyaɗa kai, sannan ya danne ta da dutse a kan tebur ya ce, "Ku tahi ku dibi kunne." Mu duka mun san ko harafi ɗaya bai gane ba. Abin ya riƙa ci mini rai. Ga mutum ya ɗauko takarda tun daga uwa duniya yana tattalinta, ga mu nan da biro a aljihu muna kiran kanmu ma'aikatan gwamnati, amma ba wanda ya san abin da ta ce.

A kasuwa na gamu da malamina. Shi ma farin ne ya koro shi daga Nijar. A can ƙasarsu ya yi makarantar boko, wadda suke kira lakwal, har ya yi akawu a wurin masu sayen gyaɗa, da gyaɗar ta mutu aikin ya bi ta. A Zuru gadi ya samu a shagon wani Inyamuri mai sayar da magani, da rana kuma yana zama a gindin wata ƙirya bayan shagon yana wankin hula. Wata rana na ga ya ɗauki wani kwalin magani yana karanta bayansa a fili, da wani irin yare da rabinsa ta hanci yake fita. Na tsaya na tambaye shi ko zai koya mini.

Ya dube ni ya yi dariya. Ya ce, "Kai ɗan samari, mi za ka yi da shi? Ni da ni iya shi, ga ni nan ina wankin hula."

Na ce, "Malam, kai dai koya mini. Abin da zan yi da shi nawa ne."

Haka muka fara. Kullum in na tashi aiki, bayan la'asar, sai gindin ƙirya. Ba littafi, sai wani tsohon kalanda da kwalayen magani da allon kwano da gawayi. Ranar kasuwa in kai masa kwanon dawa daga rumbun mahaifiyata, ita kuma ta yi kamar ba ta lura rumbun yana raguwa ba. Ni da na tashi da yarenmu na C'lela a gida, Hausa a kasuwa, Turanci a makaranta, na ɗauka wani yare ba zai ba ni wuya ba. Ashe ban gamu da gamona ba. Wannan yare ne da za a rubuta haruffa takwas a furta uku, sauran suna zaune kawai kamar 'yan rakiya. Tebur mace ce, littafi namiji ne, in ka tambayi dalili Malam ya ce haka ya tarar. Sau da yawa na jefar da gawayin na tashi cikin fushi, gobe kuma in dawo.

Gari kuwa ya sami abin dariya. Abokan aikina suka laƙaba mini ɗan Faransa, in na shigo sai su toshe hanci su yi ta gunguni wai suna gaishe ni. Wani ya ce in dai yaren nan yana da amfani, me ya sa masu shi suke zuwa ƙasarmu neman abinci. Labari ya kai wa Baba cewa ɗansa yana zama a ƙasa gaban mai gadi. Ya kira ni, da yarenmu ya yi mini magana, alamar abin ya kai masa ko'ina. Ya ce an hana ni kaki ban ji kunya ba, yanzu kuma na koma ɗalibin mai wankin hula. Na sunkuyar da kai har ya gama, don ba a mayar wa Baba magana. Da la'asar ta yi na wuce gindin ƙirya ta gaban idonsa. Gaskiya a lokacin ba son karatun kaɗai ke kai ni ba, har da taurin kai. Da sun ƙyale ni wataƙila da na gaji na bari da kaina.

Matsala ɗaya muka samu. Malam akawun gyaɗa ne, bai san sunan cutar shanu ko ɗaya da Faransanci ba. Sai na fito da dabara. Duk takardar da aka danne da dutse, in Shugaba ya fita duba kunne sai in kwafe ta a bayan littafina. Sannan in bi mai garken in tambaye shi, allurar me aka yi musu, a wane gari, a wane wata. In ya ce ta bushiya ce, in duba kalmar da ke kan takardarsa. Wani ya ce ta ciwon huhu ce, in ga wata kalma dabam. Da yamma mu zauna da Malam mu harhaɗa. Da haka na san bushiya da ciwon huhu da harbin daji da saifa a yaren da ban taɓa taka ƙasarsa ba. Kafin shekara biyu, ba takardar da za ta zo shingen nan in kasa karanta ta, amma ban gaya wa kowa ba.

A tsakiyar rani wani tsohon Bafillace ya iso da garkensa, shi da matarsa da 'ya'yansa mata biyu. Shanun ba su fi talatin ba, kuma ya ce da ɗari biyu ya baro gida. Aka duba kunnuwa, ba tsaga ko ɗaya. Shugaba ya ce a kulle. Ga shi kuwa allurarmu ta ƙare, firjin kananzir ɗinmu ya lalace, ana cewa sabuwa za ta zo wani sati, kuma mu mun san wani satin gwamnati. Cikin shingen nan ba ciyawa ko ta sakace. Kudu da mu, wajen Dirin Daji, akwai sauran fadamu, kwana biyu ne a ƙafa.

Na ɗauki takardar tsohon na karanta. An yi wa shanun allurar bushiya sati uku da suka wuce, ga sunan gari, ga hatimi, ga adadi. A ƙasa kuma malamin da ya yi allurar ya ƙara da hannunsa cewa ba a tsaga kunne ba don awartakinsu ya karye.

Ban yi rashin kunya ba da farko, Allah ya sani. Na jira har kowa ya fita, na shiga ofis na durƙusa. Na ce, "Ranka shi daɗe, takardar tsohon ga ta ce an yi musu allura. Awartaki ne babu." Na nuna masa layin da yatsa.

Bai ko dubi takardar ba. Ya ce, "Wa yac ce ka taɓa? Kai mi ka sani ga aikin ga? Ni da nike duba shanu tun ba a haihe ka ba, yau mai gadin kanti za ya koya min aiki ta bakinka? Tashi ka ba ni wuri."

Na tashi. Kwana ɗaya, kwana biyu. 'Yan matan nan suna yawo da lauje suna tsinto abin da ba za a kira shi ciyawa ba. Tsohon yana zuwa kullum ya tsuguna a bakin ofis. A rana ta uku da safe na iso na tarar shanu biyu a kwance, sun mutu, ɗaya da ɗan maraƙinta yana ta tunkuɗar ta. Tsohon ya riƙe sandarsa yana kallo. Da ya gan ni sai ya ce, "Ɗana, takardar ba ta da kyau ne?" Maganar nan ta soke ni. Idona ya rufe.

Shugaba yana zaune a baranda yana shan shayi, ma'aikata suna kewaye da shi. Na shiga ofis na ɗauko takardar daga ƙarƙashin dutse, na fito na tsaya a gabansu. Na karanta ta da ƙarfi da Faransanci tun daga sama har ƙasa, ta hancin da suke yi wa dariya, sannan na mayar da ita Hausa layi-layi. Ba wanda ya toshe hanci ranar. Na miƙa wa tsohon takardarsa, na taka zuwa ƙofar shinge, na zare itacen da aka tokare ta da shi na yar. Na ce, "Baba, kora abinka. Ka bi hanyar Dirin Daji, kada ka tsaya."

Shugaba ya miƙe, shayin ya zube masa a riga. Bai hana shanun fita ba, kuma na daɗe ina tunanin wannan. Ya jira har ta ƙarshe ta wuce, sannan ya ce, "Aje biron gwamnati. Kada in ƙara ganin ƙahwarka nan." Na ajiye, na kama hanyar gida. Sai da na yi nisa na tuna saura wata biyu a rubuta sunan mai tafiya kwas.

A wurinmu akwai yadda ake gyara irin wannan. In ƙarami ya saɓa wa babba, ko da shi ke da gaskiya, manyansa za su ɗauke shi su kai shi, ya durƙusa a gaban mutanen da aka yi abin a idonsu, ya ce ya tuba. Babba ya yi faɗa ya huce, a koma aiki. Kowa ya san haka ake yi, kuma Shugaba ma abin da yake jira ke nan, don ya aiko wa kawuna cewa ƙofarsa a buɗe take. Baba ya sa rigarsa ta zuwa coci, kawu ya zo da goro. Baba ya ce, "Oda oda ce. A bariki ko ofisa ya yi kuskure, kai dai ka bi, daga baya ka yi ƙorafi. Tashi mu je."

Na ce, "Baba, na yi ƙorafin, an kore ni daga ofis. In na durƙusa na ce na tuba, na ce takardar ƙarya ce ke nan. Ba ƙarya ba ce. Ba za ni ba."

Ban taɓa ce wa Baba a'a ba sai ranar. Ya cire rigar ya rataye. Ya yi sati uku ba ya amsa gaisuwata. Mahaifiyata tana kuka a madafa tana cewa wane irin yare ne wannan da ya raba ɗa da aikinsa ya raba shi da ubansa. Ni kaina akwai ranakun da na zauna a bayan gida ina buga tubali, ina jin tsoro ƙwarai, ina cewa wataƙila na kashe kaina ne a kan shanun mutumin da ko sunansa ban sani ba. Amma duk lokacin da na kwatanta kaina a durƙushe a barandar nan, sai in ji zuciyata ta ƙi.

Ana nan sai takarda ta zo wa shingen daga hedikwata. Saboda yawan shanun da ke shigowa daga ƙetare, an ce daga yanzu duk takardar waje a shigar da abin da ke cikinta a rajista, gari da wata da irin allura, kuma babban likitan dabbobi zai zo rangadi ya duba da idonsa. Masinjan ofis, wani dattijo da muke shiri, shi ya zo ya ba ni labari yana dariya ƙasa-ƙasa. Ya ce takardu sun taru har dutse ɗaya ya kasa danne su. Ya ce Shugaba da kansa ya hau babur ya je gindin ƙirya wurin mai wankin hula. Malam ya tashi ya gaishe shi da ladabi, ya duba takardun, ya ce, "Ranka shi daɗe, ni gyaɗa ni sani. Kuma ban iya Turancinku ba balle in rubuta muku. Mai karanta wanga duk garin ga mutum guda na, kuma kun san gidansu."

Saura kwana biyu likita ya iso, masinja ya dawo, wannan karon da aike. Wai in zo. Na sa rigata mai tsabta na tafi. Baba yana zaune a ƙofar gida, ya bi ni da ido.

Na tarar da baranda cike, ma'aikata da makiyaya. Na gaishe da Shugaba a tsaye, gaisuwa cikakkiya, amma a tsaye. Ya lura, kowa ma ya lura. Ya turo mini tarin takardun da rajista, ya ce, "Zauna ka cika."

Na ce, "Ranka shi daɗe, a matsayin wa? Ni an kore ni."

Ya ce, "Ka ba da haƙuri gaban mutane, magana ta wuce."

Na ce, "In don na ɗaga murya gaban babba ne, wannan ban kyauta ba, kuma na faɗa. Amma buɗe shinge, ko yau aka kulle garke mai takarda irin waccan, zan sake buɗewa."

Wani abokin aikina yana ta yi mini ido wai in yi shiru. Na san in ya ce in fita, shi ke nan, ni da kwas sai a mafarki. Shugaba ya cire tabarau ya goge, ya dubi takardun, ya dubi makiyayan da ke tsugune suna jira. Sannan ya jawo aljihun tebur ya fito da fom ɗin kwas, wanda ya kamata a aika tun satin da ya wuce. Wurin suna babu komai. Ya rubuta sunana da hannunsa, ya sa hannu, ya buga hatimi da ƙarfin da har kofin shayi ya yi tsalle, ya ture mini shi ba tare da ya dube ni ba.

Ya ce, "Ba don ina son halinka ba."

Na ce, "Na sani, ranka shi daɗe."

Na karanta fom ɗin tun daga sama har ƙasa, na tabbata sunana ne kuma an rubuta shi daidai. Sannan na ja kujera na zauna, na ce wa makiyayin da ke gaba ya matso ya gaya mini daga inda ya fito.